Lodin Dawowa

Kwana tara ke nan motata na tsaye a Aboabo.
Ciyawa ta fara leƙowa ta ƙarƙashin taya,
akuyar mai gadi ta mai da inuwarta ɗaki.
Kakar koko ta wuce, sai kokon ludayi,
sabuwar doya ba ta sauka Techiman ba tukuna,
ruwa kuwa kullum da la'asar
sai ya zo yana buga tamfol kamar mai bin bashi.

Mu goma sha ɗaya ne a kan benci,
waya goma sha ɗaya a tafin hannu.
In ta wani ta yi ƙara duk sai mu zabura,
sannan mu yi kamar lokaci muke dubawa.

Bawa dillali ya zo da littafi a hammata:
siminti, Tamale, sidi dubu shida.
Na lissafa a bayan kwalin ashana,
mai, na shinge, abincin Fuseini yaron mota,
dawowa wayam, da la'adar shi Bawan.
Abin da ya rage bai kai facin taya ba.
Na ce a kai kasuwa.
Kafin in rufe baki Dogo ya karɓe.
Ban ga laifinsa ba, matarsa ta shiga watanta.

Daren Talata wani ya tare ni a bayan masallaci,
takalmi mai tsada, jar laka a dunduniya.
Injin tono ne, in ji shi, zuwa bakin Offin,
a tashi bayan sha biyu, ba takarda, ba tambaya,
dubu ashirin, rabi a hannu yanzu.
Na hango kuɗin makarantar Zuwera a jakarsa,
da tayoyi biyu da Kwabena ke riƙe min a Magazin.
Na kuma hango Offin, da na sha da tafin hannu ina yaron mota,
yau ya koma shayin da aka cika wa madara.
Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ba.
Akwai na soja, akwai ƙarafan da na gani an ƙone a daji.
Na ce masa birkina ba lafiya.
Na kwana ina zagin kaina har assalatu.

Da safe ina laluben man zafi a gaban mota
na ci karo da littafin maigidana,
marigayi Issaka Wangara,
lambobi da biro, baƙin mai ya cinye wasu.
Shi ne mai cewa kowa ya iya tafiya da lodi,
direba shi ne mai dawowa da shi.

Na sa katin sidi ashirin.
Ta farko a kashe.
Ta biyu, ya rasu bara, Allah ya jiƙansa.
Ta uku jariri ne ya yi ta numfashi a kunnena.
Ta bakwai Maame Adwubi ce ta Sokoban,
bencin makaranta ɗari biyu zuwa Wa,
kuɗin ba na a zo a gani ba, ba kuma na raini ba.
Na ce ta ba ni minti goma.
Na juya shafin da ya rubuta Wa da jan biro,
na kira Hajiya Lariba mai kaɗanya.
Ta ce, yaron Issaka? Ashe kana duniya!
Buhu ɗari uku na nan, damshi na neman su,
ka iso kafin Asabar.

Na koma kan kwalin ashanar nan.
Wuri ya ƙare, na ƙarasa lissafi a tsintsiyar hannu.

Fuseini, tashi ka kori akuyar nan,
duba ruwan lagireto, ja igiyar tamfol,
ka biya wa benci koko da ƙosai.

Na murɗa makulli. Shiru.
Zama ya kashe batir.
Ban kira kowa ba.
Mutum tara suka zura wayoyinsu a aljihu,
suka naɗe hannun riga,
suka nufo bayan mota.