Gida Mai Lamba Arba'in da Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu
a wannan layi na gabashin Detroit.
Na san kowace ƙofa da karen da ke bayanta.
Da masana'antar mota ta rufe
sai jakata ta koma ɗaukar takardun bashi,
daga baya ma babu hannun da zai karɓa.

Gida mai lamba arba'in da huɗu,
wuta ta lashe shi a daren wata Talata.
Ta bar matakala uku na siminti
suna hawa, ba su isa ko'ina ba.

A kansu Ozella ta fara zama,
da gwiwarta mai ciwo,
da irin kuɓewa a ƙulle cikin safa,
wanda uwarta ta taho da shi daga Alabama.
Muka ce, Iya, ƙasar nan ta sha gubar dalma,
ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta leƙo.
Ta ce, to a kawo wata ƙasar mana.

Muka kawo,
a bokiti, a baro, a bayan motar Mofizul.
Da ƙyauren gidajen da suka mutu
muka harhaɗa akwatunan shuka.

Yau inda falo yake, kabeji ne ke zaune.
A ɗakin yara tumatir ya yi layi.
A madafa kuwa albasa ce,
wai ta dawo gida.

Shefali, matar Mofizul, ba ta jin Turanci,
Ozella ba ta jin ko gaisuwar Bangla,
amma na ga sun yi rabin yini
suna musu a kan barkono,
da yatsu, da gira, da tsaki.

Dontrell ya fito bayan shekara shida a tsare,
duk inda ya ƙwanƙwasa, sai a ce a dawo gobe.
Ozella ta miƙa masa tiyo da mabuɗin rumfa.
Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.
Bai saba da wannan gefen mabuɗi ba.

Da aka soma kwashe mana tumatir da dare
muka yi taro, wasu suka ce a ja waya.
Ita ko uffan.
Da magariba ta cika kwando, ta aje kan matakala.
Da safe kwandon wayam,
sai wani ɗan dutse da aka ɗora don kada iska ta ɗauke.

A watan Fabrairu ta tafi,
ƙanƙara ta lulluɓe gonar har wuya.
Jikarta ta kawo mini kwalin takalmi:
ambulan goma sha tara,
kowace da suna, da rubutun nan nata mai rawa,
kowace in ka girgiza tana ƙara.

Na kakkaɓe tsohuwar jakata.
Ƙafa ba kamar da ba, amma ta tuna hanya.
Shefali ta kara tata a kunne, ta yi dariya, ta yi kuka.
Dontrell ya sa tasa a aljihun ƙirji.

Ɗaya ta rage, ba suna a kanta,
sai dai: Ga mai zuwa da dare.
Na bar ta a matakala ta uku,
na danne da dutsen.