Tafiyar Ƙaguwa

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da asusun reshe.
Gwangwanin biskit ne, Rhona, kin san shi,
mai hoton jirgin ruwan nan da ya koɗe.
A ciki nake tara kuɗin katin jam'iyya,
na masunta, na matan coci,
har na Ferdie Poirier, da ba ya biya
sai an bi shi bakin teku.

Kwatsam sai ga takarda daga Ottawa,
wai an yi maja.
Mu da mutanen yamma mun zama tsintsiya,
maɗauri ɗaya, sabon suna, sabon tambari.
Ba wanda ya tambayi Port Ardnish.
Shuɗin ma ba irin namu ba ne.
Namu na teku ne da hantsi,
nasu ya yi duhu kamar hadarin Nuwamba.

Na ce a yi haƙuri,
ai duk 'yan mazan jiya ne.
Na manta jiyan kowa daban take.

Daren Laraba kika kira ni, muryarki a dushe:
"Lauchlin, an ce in ɗaga hannu
a yanke tallafin hunturu na masunta,
a rufe ƙaramin asibitinmu, wai ba riba.
Sun ce kowa tasa ta fisshe shi.
Riƙau ɗin da ubana ya koya mini
shi ne ka riƙe abin da aka bar maka:
tashar jirgi, makaranta, maƙwabci.
Ni ban bar gida ba,
gidan aka ɗauke da dare ina barci a ciki."

Ban ce uffan ba. Shayina ya huce.

Washegari muka gan ki a talabijin, a kantin Aucoin,
ku huɗu, kin fi su ƙanƙanta,
jakarki a hammata,
kina ratsa koriyar dardumar zauren majalisa.
Taku nawa ne? Bai kai daga ƙofata zuwa rumbun itace ba.
Amma a bayanki ana dukan tebur,
ana kiran butulu, ana kiran maciya amana,
a gabanki kuwa ana tafi,
tafin da bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Ferdie ya tofar da yawu:
"Tafiyar ƙaguwa ke nan, a karkace!"
Aka bushe da dariya.

Ni kuwa shekara arba'in ina jan ƙaguwa daga ruwa.
Ba ta barin ɓawonta don marmari,
sai ya matse ta har numfashi ya gagara.
Ranar da ta fito kuma, jikinta laushi ne,
kowane ɗan kifi yana iya yagar rabonsa.
Na so in faɗa. Na biya kuɗin burodi na fita.

Kada ki ɗauka na yafe.
Jajayen nan da kike zaune a tsakiyarsu yau,
su ne mahaifina ya hana su taka barandarmu.
Zaɓe tara na yi ina kayar da su,
uku daga ciki dominki,
cikin ƙanƙara, da tsohuwar motata mai tari.
An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
To amma wa ya ruɓe, wa ya yanke,
wane ne ma hannun?
Na juya zancen har asuba, bai ba ni gaba ba.

Alluna ɗari biyu na nan a rumfa,
Rhona Gillis, da farin rubutu a kan tsohon shuɗi.
Gwangwanin ma na nan:
dala ɗari huɗu da goma sha biyu,
kuɗin jam'iyyar da babu ita a duniya.
Sababbin sun aiko a tura musu.
Ke ba ki tambaya ba,
wannan ya fi yi mini nauyi.

Matata ta sayo jan fenti,
ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta ce komai ba.
Yau kwana tara.
Ban buɗe ba.
Ban kuma mayar wa Aucoin ba.