Saƙon da Bai Isa Ƙafa Ba

Farce na fara ji, ba kuka ba.
Ƙarr, ƙarr, a daɓen tsakar gida da asuba,
kamar mai jan reshen ƙaya.
Na leƙo, ashe Bar-su ne,
gabansa ya kama hanya,
bayansa yana can yana shawara.

Damina goma sha ɗaya yana kwana a lambuna.
Shi ya hana birai ɗanɗana masarata,
shi ya tsaya tsakanina da kububuwa
ranar da nake cirar albasa ba takalmi.
Yau 'yar kwatar da muke ban ruwa
ta zame masa kogi.

Cindo ya ce jifa ne, wani ya yi niyyata ya same shi.
Iya Tabawa ta ce sanyin fadama ne.
Na gasa ganyen tumfafiya na ɗaura masa kwana bakwai,
ya lashe hannuna, bai tashi ba.

Ranar kasuwar Shuwarin na sa shi a amalanke
tsakanin buhunan tattasai.
Yara na bi suna shewa:
Ladan ya yi wa kare mota!
Na ƙyale su. Ba su san kububuwa ba.

Malam Tsalha mai allurar shanu
ya tsuguna, ya shafa ƙugu, ya lanƙwasa gwiwa,
sannan ya juya tafin ƙafar baya
ya dafa ta a ƙasa ta kan yatsu.
Muka jira.
Bar-su ya tsaya a haka yana kallon mai tsire,
bai san ƙafarsa a kife take ba.

Ya ce, ka gani? Ƙashi lafiya lau.
Kai ne ke aike, ƙafa ba ta ji.
Laka ce hanyar, tana cikin ƙashin baya
kamar zare a cikin kara.
Wani sa'in guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓi
ya tsufa, ya bulluƙo, ya danne ta,
wannan da ciwo yake zuwa, kare ya gantsare, ya yi ƙara in an taɓa.
Wani sa'in ƙari ne ke girma a ɓoye.
Ko tsohon bugu. Sa ya taɓa harbinsa?
Na ce, bara waccan, bakin rijiya.
Ya gyaɗa kai, bai ce shi ne ba.

Akwai kuma wadda lakar ce da kanta ke suɗewa,
sannu, ba zafi, ba kumburi,
kamar igiyar guga da ta sha bakin rijiya.
Ya matsa bayan tun daga wuya har gindin wutsiya,
Bar-su ko gezau.
Ya ce, ita nake tsoro.
Amma ni ido da hannu gare ni,
sai an ɗauki hoto a Kano za a rantse.

Kano. Na ƙirga tattasaina a zuci.

A hanyar dawowa na tuna Baffa,
shekarar da hannunsa na dama ya daina amsa kira.
Yakan dube shi a kan cinya
kamar baƙon da ya ƙi gabatar da kansa.

Yanzu da hantsi nakan ratsa tsohon buhu ta ƙarƙashin cikinsa,
in riƙe bakin biyu, in ɗaga kaɗan.
Shi da ƙafafun gaba, ni da na baya,
mu gangara lambu, mutum da kare, ƙafa huɗu a ƙasa.
Na ɗinka masa 'yar safa da fatar akuya
don farcen ya daina zub da jini.
Da dare sai na juya shi sau biyu
kada kwanciya ta ci masa ƙugu.

Jiya biri ya hau katangar kara.
Bar-su ya ɗaga kai daga inuwar zogale,
ya yi haushi ɗaya, irin na da.
Birin bai tsaya tambayar ƙafa ba.

Da na ce, madalla, tsoho,
sai wutsiya ta motsa a cikin ƙasa, sau biyu.
Wannan saƙon dai
har yau yana isa.