Minti Goma Sha Biyar

Ban taɓa kai kwalba bakina ba,
ban san ɗacin hayaƙi ba,
allura ba ta san jijiyata ba.
Da wannan na yi ta wanke kaina
shekara uku a Leeds,
ina tuƙa bas daga Harehills zuwa tsakiyar gari.

Tawa cutar tana aljihun hagu,
tana haske, tana motsi.
Fam biyar a kan ƙwallon da ban kalla ba,
hamsin don in fanso biyar ɗin,
albashin Maris don in fanso hamsin.
Guga ya faɗa rijiya, na tura igiya,
igiya ta tafi, na zura ƙafa.

Ladidi ta gane ranar da kati ya ƙi aiki a kanti,
madarar Tasi'u a hannunta,
layi ya miƙe a bayanta.
Ba ta yi faɗa ba.
Ina ma ta yi.

Asibitin yana hawa na biyu.
Na naɗe hannun riga, na zaci jini za a ɗiba.
Matar, Bronwen, littafi ta miƙo, farare duk shafukansa:
"Duk sanda abin ya taso, rubuta.
Ƙarfe nawa, kana ina, me ya gabace shi."
Mako biyu ina rubutu.
Ashe sha ɗaya da kwata ne na dare,
in na kashe inji a gareji,
kujeru saba'in ba kowa,
ba mai ce min sannu da aiki.
Ashe ba kuɗi nake nema ba.

Ta ce marmari hadari ne:
ya haɗu, ya yi baƙi, ya watse.
"Ba shi minti goma sha biyar.
Kada ka yi kokawa da shi,
kada kuma ka shimfiɗa masa tabarma."

Da hannuna na sa banki ya toshe hanyar,
da ƙafata na je shagon caca da hotona,
na ce, in kun ga mai wannan fuskar, ku kore shi.
Kati ya koma jakar Ladidi.
Fam shida take ba ni da safe,
ina karɓa, da furfura a gemuna.
Likita ya ce akwai ƙwaya mai dusashe zaƙin abin.
Na ce a dakata tukuna.
Ya rubuta, bai ɓata rai ba.

Liman ya ce haramun ne.
Na sani tun ina riƙe da allo,
sanin bai taɓa riƙe min babban yatsa ba.
Sai ya dafa ni a wurin takalma:
"Kada ka fasa zuwa wajen matar nan. Ita ma sanadi ce."

Talata da dare, ɗakin ƙasa na wani coci,
shayi kamar ruwan wanke kofi.
Derek, dawaki suka cinye masa gida.
Shabnam, kwalayen saye-saye sun kai rufi, ko ɗaya ba ta buɗe ba.
Kieran, ɗan shekara sha tara,
wasan kwamfuta ya raba shi da rana.
Cikinmu babu wanda ya sha komai,
kuma kowa ya san maye.

Rana ta tamanin da ɗaya na faɗi,
da wayar abokin aiki.
Na ci fam casa'in. Cin ya fi faɗuwa ban tsoro.
Na kai wa Bronwen littafin kamar mai kai kansa kotu.
Ba ta yage tamanin ɗin ba,
shafi kawai ta juya.

Yanzu sha ɗaya da kwata ta wuce.
Inji ya yi shiru, yayyafi na bin gilashi.
Ya zo, yana tsaye a bakin ƙofar bas
kamar fasinjan da ya san sunana.
Hannuna biyu suna kan sitiyari.
Minti bakwai.
Ladidi ta ce ta bar min tuwo a kan murhu.
Takwas.