Littafin Gwanjo

A Kasuwar Barci na tsince shi,
tsakanin mataccen rediyo da takalmi wari guda.
Ɗanjuma ya ce in kawo ɗari biyu,
tunda bango ya tafi, gara ta ci bayansa.

Labarin wani sarkin Sikotlan ne,
ƙasar duwatsu da ruwan sama,
wanda Ingila ta ce ya durƙusa,
ya ce gwiwarsa ba ta iya ba.
Aka kama matarsa, aka kashe ƙannensa.
Wai a kogo ya ga gizo-gizo
yana faɗowa yana sake saƙa,
sai ya miƙe ya ɗaura ɗamara.

Na yi dariya. Mu Gizonmu
zamba ya iya,
nasu kuwa malamin naci ne.

Daidai inda aka ja dāga a bakin rafi,
shafi ya ƙare.

Da la'asar na tsaya a gadar Kogin Kaduna
ina kallon layin dogo.
Jikokin mai ƙin durƙuso
da jikokin masu cewa a durƙusa,
jirgi ɗaya ya kawo su nan.
Kakana Tanko ya ɗauki kayan duka biyun,
bai ma san da 'yar tsama a tsakaninsu ba.