Garken Kwali

Kati arba'in ne doka, in ji Lawali,
kar ka ƙara, kar ka rage.
Na kwana uku ina zaɓe a bayan shagon ɗinki,
ina ɗauka ina ajiyewa
kamar mai tsintar tsakuwa a gero.

Shi nasa daga Kano aka kawo masa
cikin leda mai ƙyalli:
zaki mai fiffike, maciji mai tofa wuta,
da wata giwa da sulke har ƙafa.
Nawa kuwa musaya ce ta tara mini su.
Na ba da kura biyu na karɓi bushiya,
na saki mikiya saboda damo guda.
Ma'azu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi,
ya ce, wa ke zuwa yaƙi da damo?
Na ce, wanda ba shi da gaggawar komawa gida.

A fadarmu an yarda kowa ya zana ɗaya da hannunsa.
Na yanko kwalin sukari,
na zauna da jan biro
na fitar da jar akuyar garinmu,
ƙaho ɗaya ya fi ɗaya tsawo.
Ƙarƙashinta na rubuta: tana cin abin da ta tarar.

Bayan lisha muka baje a kan benci, unguwar Zariya,
wuta ta ɗauke, Tasi'u ya riƙe mana fitilar salula.
Tsoho Ɗan Jimma ya tsaya da kekensa:
caca kuka koma?
Muka ce, Baba, ko dala ba a aje ba,
wanda ya faɗi shi ke wankin kofuna.
Ya ce, to ku wanke da kyau, ya wuce.

Hannun farko kunkuru uku suka zo mini.
Uku!
Ni na sa su, ba ni da wanda zan zarga.
Zaki ya sauko ya lashe zomo,
ya bi da yanyawa kafin ta gama buɗe kunne.
Sai na aje bushiya, ta dunƙule.
Ya taka, ya ɗaga ƙafa, maki biyu suka zube,
fada ta ɗauki ihu har karen maƙwabta ya amsa.
Hawainiya ta ari launin macijinsa
ta tofa masa wutarsa a fuska.
Damo dai yana nan,
zagaye huɗu bai motsa ba,
ana dukansa yana ƙirga kwanaki.

Saura mini uku, saura masa biyar.
Kati ɗaya nake jira, na san shi, na san ƙahonsa.
Na hura yatsu, na ja.
Kwaɗo.

Da na juya ragowar, tana can ƙarshen ƙasa
kwance kamar ba da ita ake ba.

Ina tsugune ina cuɗa kofi na uku
sai na ji Lawali yana salati.
Akuyar Barira ce ta tsinke igiya,
ja wur, mai rai, mai wari,
ta zo ta bayan benci ba sallama
ta kama zaki ta fiffiken dama.
Kafin a ƙwace ta haɗiye rabi.
Tasi'u ya haska kwalina ya karanta da ƙarfi:
tana cin abin da ta tarar.
Ma'azu ya faɗi ƙasa.

Da za mu watse Lawali ya biyo ni har bakin kwalbati,
murya ƙasa-ƙasa:
bushiyar nan, nawa za ka bar ta?
Ga zaki, fiffike ɗaya ne kawai babu.
Na ce sai na yi shawara da damo.

Yanzu dare ya raba, ina kan tabarma,
na cire kunkuru ɗaya,
na mayar da shi,
na sake cirewa.
Talatin da tara.
Gobe Alhamis, ban san wa zan sa a gurbinsa ba.