Kujera Arba'in a Balparaiso

Sau uku yana ce mini, "Na gyara."
Sau uku ina buɗe shafin Kawu Ebaristo
in tarar da maɓallin kama kujera kamar jiya:
a danna shi, ya yi kunnen uwar shegu.

Ban ga laifin mataimakin ba.
Magini ne da bai taɓa shiga ɗakin da ya gina ba.
Yana jera layukan umarni kamar tubali,
amma inda taga ta faɗa, bai sani ba.
Daga bakina yake jin labarin duniya,
ni kuwa ƙarfe ɗayan dare, bakina ya gaji.

Can ƙasan tudunmu, tashar jirage
tana zubar da fitilunta cikin teku.
Karen Ondina ya yi haushi, ya haƙura.
Na ɗora shayi, na ce yau gani zai kori ji.

Na sauke kayan haɗi, suka ce sigata ta tsufa.
Na sabunta, suka ce na yi gaba da yawa.
Ƙofar da za su gana ta cikinta,
wani tsohon aiki ya tokare ta tun Talata.
Na kore shi.
Sai waƙafi guda da na manta a fayil ɗin saiti,
waƙafi, ɗan mitsitsin ƙugiyan nan,
ya cinye mini minti arba'in da rabin haƙurina.

Aka tambaye ni: burauza mai kai, ko marar kai?
Na yi dariya ni kaɗai a kicin.
Mai kai, na ce, ina son ganin abin da yake gani.
Na ba shi ɗaki fayau:
ba kalmar sirrina, ba banki,
ba wasiƙun Nehuen da na kasa gogewa.
Baƙo ko na kirki ne, ba a nuna masa ƙarƙashin gado.

Sai taga ta buɗe kanta.
Hannuwana biyu suna rungume da kofi
amma kibiyar allo tana tafiya,
ta tsaya, kamar mai tuna wani abu, ta danna.
Tsikar jikina ta tashi.
Ya ɗauki hoto, ya duba, ya rubuto:
"Hoton jirgin ya hau kan maɓallin.
Duk mai dannawa, jirgi yake dannawa."
Wata biyu muna zargin masu yawon buɗe ido da rowa!

Ya matsar da hoton. Na ce, "Gwada,
yi ta gwadawa har ka tabbata."
Na kwanta da takalmi a ƙafa.

Ƙarfe shida waya ta tashe ni.
Kawu ne, iska tana kaɗa muryarsa:
"Maite! Jirgi ya cika, kujera arba'in!
Na sayi mai, na taso Lautaro ya taya ni.
Sai dai, 'yar nan, wace irin zuriya ce wannan,
kowa sunansa Gwaji Gwaji?"

Na ba shi ido, na ba shi hannu,
ban nuna masa wanne ne shafin wasa,
wanne ne tukunyar Kawu ba.
Laifi tudu ne, garinmu kuwa duk tuddai;
na taka nawa, na san nawa ne,
na shiga tsohon akwatin da ke gangara kan dogo zuwa gaɓa.

Kawu ya saurare ni har ƙarshe.
Ya dubi kujerun, ya dubi jarkar mai,
ya cire hula ya sosa sanƙo.
"Man dai an riga an saya," ya ce. "Shigo."

Mu uku muka fita, da baƙi arba'in marasa nauyi.
Zakunan teku suna hamma kan ƙarfen alama.
Lautaro ya bi layi-layi da rigunan ceto
yana ajiye wa kowace kujera tata,
yana cewa, "Sannu da zuwa, Gwaji. A riƙe da kyau."